Wa Zai Ɗauki Jakar Kausar?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Zumunta ta Layin Maɗinka, Alhaji Ibrahim. Mai girma Mai Unguwa, Allah ya ja zamaninka. Malam liman da na'ibinsa, Allah ya gafarta malamai. Dattawan Anguwan Rogo. Baƙinmu da suka taso daga Gangare da Naraguta. Iyaye mata da ke zaune ƙarƙashin waccan rumfa. Abokina na ƙuruciya Livinus, wanda ya rufe shagonsa ya zo. Matasa maza da mata, har da waɗanda suka ɗaga waya sama suna kallona ta cikinta alhali ga ni tsaye a gabansu: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina gode wa ƙungiya da ta shirya wannan walima don sallamar jikata Kausar, 'yar 'yata Maimunatu, wadda gobe in Allah ya yarda za ta kama hanyar ƙasar Malesiya karatun haɗa magunguna. Ina gode wa matan da suka wuni a bakin murhu, da matasan da suka jera kujeru. Ina kuma gode wa kwamiti da ya ba ni dama in yi magana. An ce mini in taƙaita, in sa albarka, in zauna. Albarka zan sa. Taƙaitawa kuwa sai ku yi mini afuwa, domin akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, kuma gara in faɗe ta a gaban jama'a da in riƙa faɗinta a bayan idon mutane.

Saboda baƙi, bari in fara da bayanin wata al'ada ta wannan layi. Tun zamanin da iyayenmu suka zo wannan tudu aikin kuza, idan ɗan layin nan zai bar ƙasa, ba ya ɗaukar jakarsa da hannunsa daga ƙofar gida. Mutum ɗaya ne yake ɗaukar masa, wato wanda ya fi kowa nisan tafiya a cikinmu. Shi zai karɓi jakar a bakin ƙofa, ya shiga gaba, matafiyi na bin sa, jama'a na bin matafiyi, har bakin titi inda mota ke jira. Shi zai sa jakar a mota, kuma shi ne mai maganar ƙarshe a kunnen matafiyi. Ba albashi a ciki, ba rawani, ba ko goro. Ni Abdulfatah, ni nake ɗaukar wannan jaka shekara arba'in da wani abu. Na ɗauki ta alhazai, na ɗauki ta ɗalibai, na ɗauki ta 'yan kasuwa. Shi kansa shugaban taron nan, da zai tafi aikin hajjinsa na farko, ni na ɗauki tasa, yana bayana yana share hawaye da hannun riga. Alhaji, kada ka harare ni, mutane da yawa a nan sun gani.

To, makon jiya bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai ga Alhaji Ibrahim da matasa biyu na kwamiti. Aka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi ƙafa. Sai Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ka san dokar iyayenmu, wanda ya fi nisan tafiya shi ke ɗaukar jaka. To, yara sun auna."

Na ce, "Sun auna me?"

Ya ce, "Sun auna a waya. Badruddeen ɗan gidan Alhaji Mai Shadda yana zuwa China saro kaya, kuma an ga China ta fi nisa."

Na ce, "Ta fi ina nisa? Ita ƙasar da na je, kun auna ta?"

Sai ɗaya daga cikin matasan ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, wallahi mun nema. Wayar ta ce yanzu babu ƙasa mai wannan suna. Sai muka auna maƙwabtanta."

Jama'a, ku yi dariyarku, ni ma na yi a ranar, sai dai tawa ba ta kai ciki ba. Gaskiya yaron ya faɗa. Yugoslabiya na je, kuma babu ita yau, ta farfashe ta zama ƙasashe. Ashe mutum yana iya tsufa har ƙasar da ya je ta riga shi barin duniya. Da wannan awo kwamiti ya yanke cewa daga gobe Badruddeen ne mai ɗaukar jaka, kuma jakar farko da zai ɗauka ita ce ta jikata. Wannan jawabi da aka ba ni, na san na lallashi ne. Na karɓa, amma zan yi amfani da shi in faɗi abin da nake gani game da tafiya, a da da yanzu.

Magana ta farko, mece ce tafiya a zamaninmu?

Lokacin da gwamnati ta ɗebe mu ta tura mu koyon aikin injinan haƙar ma'adinai, ni da Livinus muna cikin waɗanda aka zaɓa daga Jos. Ba mu taɓa ganin hoton inda za mu ba. Ba mu san abin da suke ci ba, ba mu san kalma ɗaya ta harshensu ba, ba mu san ko akwai mai salla a can ba. Mahaifiyata ta soya mini dambun nama, ta ɗura mini yaji a kwalba, ta riƙe hannuna ta ce, "In ka ga ba za ka iya ba, ka dawo a ƙasa, wasu ma sun je Makka a ƙasa." Iyakar abin da ta sani game da duniya ke nan, kuma ni ma ban fi ta sani da yawa ba.

Mu 'yan Jos muna taƙama da sanyi. Muna yi wa mutanen Kano dariya idan suka zo suna rawar ɗari. To, a can na gane cewa abin da muke kira sanyi wasan yara ne. A makonmu na farko aka sa mu a jirgin ƙasa zuwa garin da makarantar take, cikin duwatsu. Rubutun tashoshin ba mu iya karanta shi ba, sai muka sauka a inda ba nan ba ne. Jirgi ya wuce ya bar mu, mu biyu, a wani ƙauye fari fat da ƙanƙara, da rana tsaka amma ba rana. Livinus ya dube ni, leɓensa na karkarwa, ya ce, "Abdul, kai ne mai addu'a da yawa. Fara, ni zan ce amin."

Wata tsohuwa ce ta gan mu. Ta zo ta kama hannuna ta murza da yatsanta, ta duba yatsan ko baƙin ya fita. Da ta ga bai fita ba, sai ta ja mu zuwa gidanta kamar ta kamo awakinta da suka ɓata. Aka ajiye mana miya da burodi. Yunwa na cina, tsoro na cina, don ban san naman da ke cikin miyar ba. Na ɗauki burodin kaɗai na ce bismillah. Mijinta, wani dattijo mai farin gashin baki da ke zaune a gefen murhu, ya miƙe zumbur. Ya nuna ni, ya nuna ƙirjinsa, ya ce alhamdulillah da irin nasu lafazin, sai hawaye. Ya rungume ni yana magana, ni ina magana, babu mai jin wani. Livinus yana gefe da cokali a hannu ya ce, "To, kai ka samu 'yan uwanka. Tambaye su ko akwai Inyamuri a garin, ko mai sayar da fitila ne."

Ga shi nan zaune, ku tambaye shi in na ƙara ko kalma ɗaya.

Wannan ita ce tafiya. Ka fita ba ka san abin da za ka tarar ba, ka zama jariri da gemunka, ka koyi neman ruwa da hannu, ka nemi alƙibla da hasashe, ka dogara ga Allah da kuma alherin mutumin da bai taɓa ganin irinka ba. Kuma tana da farashi. Mahaifiyata ta rasu ina can. Ban ji ba sai bayan watanni, daga bakin wani sabon ɗalibi da ya zo daga gida, wanda ya yi mini gaisuwa yana zaton na sani. Duk tsawon watannin nan ina yi mata addu'ar ƙarin lafiya, tana kabari.

Da na dawo, mai ɗaukar jaka a lokacin shi ne marigayi Alhaji Na-Gangare, wanda ya je Makka a ƙasa ta Sudan, ya yi shekaru a hanya. Bai auna komai ba. Ya kira ni zaurensa, ya sa na ba shi labari tun daga farko har ƙarshe. Da na gama ya ce, "Yaro, ka ɓata a can?" Na ce na ɓata. Ya ce, "Ka yi kuka?" Na ce na yi. Ya ce, "Akwai ranar da ka fid da ran za ka sake ganin gida?" Na ce akwai. Ya ce, "To, ka yi nisa. Daga yau kai za ka riƙa ɗauka, ni ƙafafuna sun gaji." Haka aka ba ni. Abin da iyayenmu suke nufi ke nan, cewa mai maganar ƙarshe a kunnen matafiyi ya zama wanda ya san yadda zuciya take yi idan gida ya ɓace mata.

Magana ta biyu, mece ce tafiya yau?

Ba ni da abin zargi a kan halin Badruddeen. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusawa ya gaishe ni, yana taimakon iyayensa, kuma da guminsa yake ci. Amma na yi masa tambayar da aka yi mini. Na ce, "Badruddeen, ka taɓa ɓata a China?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai yanzu da wuya mutum ya ɓata, waya tana nuna hanya." Na ce, "Harshensu fa?" Ya ce, "Ka yi magana a waya, ita za ta faɗa musu." Na ce, "Abinci fa?" Ya ce, "Akwai wata mata 'yar Kano kusa da masaukinmu, tuwon shinkafa take yi da miyar taushe, har da man shanu."

Jama'a, mutum ya keta rabin duniya ya je ya ci tuwon 'yar Kano! Tun kafin ya tashi ya ga hoton ɗakin da zai kwana. Wanda zai tarbe shi ɗan Gangare ne. Wanda zai kai shi kasuwa ɗan kasuwar Kwari ta Kano ne. Yana sauka, mahaifiyarsa ta ga fuskarsa, ta ga abin da ya karya da shi, ta ce masa ya sa rigar sanyi. Jikinsa ya je China, amma ku gaya mini, yaushe ya bar Anguwan Rogo?

Kuma idan ya dawo, me ya rage ya ba mu? A da, idan matafiyi ya dawo, sai a yi mako ana cika zaurensa, ana jin abin da kunne bai taɓa ji ba. Yanzu kafin jirginsa ya sauka kowa ya riga ya ga dogon benen, ya ga gadar, ya ga shi tsaye a gabansu ya ɗaga yatsu biyu. Tsarabar ma da zai raba, irinta tana nan jibge a kasuwar Taminus, wataƙila ma a shagon Livinus. A zamaninmu kasada ita ce ka je inda ba wanda ya san ka. Yanzu abin da ake kira kasada shi ne ka je inda kowa ya riga ya je, ka tsaya inda kowa ya tsaya, ka nuna cewa kai ma ka je.

Magana ta uku gajeriya ce, kuma ba ta da daɗi. Har yanzu akwai masu tafiya irin ta da, masu fita ba su san abin da za su tarar ba. Su ne 'ya'yanmu da ke sulalewa ta Agadas su shiga hamada, su nufi Libiya da bakin teku. Suna ɓata, suna kuka, suna fid da rai da gida, wasu ba sa dawowa. Amma su ba a yi musu walima, ba a kafa musu rumfa, ba wanda ke ɗaukar musu jaka, domin ba sa sallama. Ba ina yaba abin da suke yi ba ne, Allah ya sani da za su zo wurina da na riƙe musu riga. Ina dai nuna muku inda abin ya koma. Wahalar tafiya ta zama rabon wanda ba shi da komai, daɗinta ya zama rabon mai hali, mu kuma da muka ɗanɗani duka biyun a tafiya ɗaya an ce waya ba ta san ƙasarmu ba.

Na san abin da wasunku ke raɗawa. Ana cewa tsohon nan kishi yake yi. To, ba sai kun raɗa ba. Kishi nake yi.

Ina kishin Badruddeen. Ina kishin yadda yake zuwa ya dawo kamar mai zuwa Bukur, nan bayan gari. Ina kishin yadda duk tafiyar da ya yi sai ta ƙara masa shago, ni kuwa tawa ban ga abin da ta ƙara mini ba. Na dawo da ilimin injinan haƙar kuza a daidai lokacin da kamfanonin kuza ke naɗe tabarmarsu. Injinan da na koyo na tarar da su suna tsatsa a bakin tafkunan Naraguta, ciyawa ta fito ta cikinsu. Takardar shaidata da harshen da ba mai karantawa aka rubuta ta, na yi ta yawo da ita ofis ofis ana juya ta sama da ƙasa ana ce mini in dawo wani mako. Na ƙare ina koyar da lissafi a makarantun da ba su san me na sani ba, har na yi ritaya. Livinus ya fi ni wayo, ya jefa tasa takardar a akwati ya buɗe shagon kayan wuta. Ina kishin yadda yaran layin nan ke kewaye Badruddeen idan ya fito, ni kuwa in na fara cewa "lokacin da muke can", sai in ga ana duba waya ana miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Fiye da komai, ina kishin cewa mahaifiyarsa tana ganin fuskarsa kullum in ya yi tafiya. Da a ce akwai wannan abin a zamanina, ko sau ɗaya ne, da na ga tawa.

Saboda haka ku fahimce ni. Duk abin da waccan tafiya ta bar mini a duniya, ban da ciwon gwiwa, shi ne wannan ɗan taƙi daga ƙofar gida zuwa bakin titi, da jakar wani a hannuna. A nan kaɗai ake tunawa cewa na taɓa zuwa wani wuri.

Mai girma shugaba, ba zan yi jayayya da kwamiti ba. Ban taɓa raba kan wannan layi ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Kun auna, kun yanke, na ji. Daga jibi, duk wanda zai tafi, Badruddeen ya ɗauka, Allah ya taya shi riƙo. Ina dai ba shi shawara ya riƙe da kyau, domin da irin wannan awo, ranar da wani ya je Ostireliya sayen madara, shi ma za a zo masa bayan la'asar.

Amma jakar gobe daban ce. Ba ta kwamiti ba ce, ba tawa ba ce, ba ta Badruddeen ba ce. Ta Kausar ce.

Kausar, amaryata, ɗago kanki ki dube ni. Tun kina rarrafe nake ce miki ke ce matar ƙarshe da zan aura, kina ce mini kin fi ƙarfin tsoho mai tari. Na san kin je wurin Badruddeen ya nuna miki yadda ake canjin jirgi, da irin layin wayar da za ki saya, da inda ake samun garin tuwo a can. Kin kyauta, waɗannan ni ban san su ba. Na kuma ga jakar da uwarki ta saya miki, mai ƙafafu ce, jan ta ake yi, ko yaron goye zai iya kai ta titi. Ba kya buƙatar kowa ya ɗaukar miki. Amma ina gaya miki, duk da waya, duk da hoto, akwai wata rana da za ta zo miki a can, ranar da za ki ga fuskar uwarki a tafin hannunki amma ba za ki iya taɓa ta ba, ranar da kowa a kusa da ke zai yi dariya a kan abin da ba ki gane ba. Ina da magana ɗaya game da wannan rana. Ba ta lasifika ba ce, ta kunne ce, kuma a bakin mota ake faɗinta.

A'a, zauna. Zauna, Kausar, kada ki ba ni amsa a nan. In kin ce ni a gaban jama'a, za a ce tausayin tsoho kika ji, kuma kin kunyata yaron da bai yi miki laifin komai ba. In kin ce shi, ban san yadda zan sauka daga kan wannan dandamali ba. Ki bari sai gobe.

Gobe da hantsi zan zo ƙofar gidan uwarki in tsaya, Badruddeen ma ya zo ya tsaya. Ki fito da jakarki. Wanda kika miƙa wa, shi ne. In ni kika miƙa wa, ba zan ja ta a ƙasa ba, ɗauka zan yi, ko da za mu kai azahar kafin mu isa titi. In shi kika miƙa wa, ba za ki ga canji a fuskata ba. Zan koma cikin jama'a in bi ku a baya har bakin mota, domin dai ban ji kwamiti ya hana tsoho tafiya a layinsu ba.

Allah ya kai Kausar lafiya, ya ba ta abin da ta je nema, ya haɗa ta da mutanen kirki a inda ba ta san kowa ba, ya dawo mana da ita muna raye ko muna kwance cikin rahama. Allah ya yi wa Badruddeen albarka a kasuwancinsa. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke cikin hamada, ya karkato da zukatansu gida. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka kafa wannan layi. Allah ya zaunar da Jos lafiya, ya zaunar da Filato lafiya, ya zaunar da Nijeriya lafiya. Waɗanda suka zo daga nesa da waɗanda suka zo daga kusa, Allah ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.